Ranar da dutsen Sukotlan ya cinye mini takalmi

Wani Bature ɗan ajinmu a Edinbura ne ya ce ranar Asabar za su ɗan miƙe ƙafa a bayan gari, ko zan bi su? Na ce me zai hana. Ni da na taso ina zuwa gona a ƙafa, miƙe ƙafa har wani abu ne? Na ɗauko farin kambas ɗina sabo fil, na cika filas da shayi, na cusa dabino a aljihu.

Muna sauka daga mota a wani kwari gaba da garin Moffat, na ga kowa yana ɗaure wasu jibga-jibgan takalma masu igiya har ƙauri, ga sanduna bibbiyu a hannu. Wata tsohuwa a cikinsu, wadda a ido ta haifi babana, ta dubi ƙafata ta ce takalman nan sun yi kyau. Na yi godiya. Ashe ta'aziyya take yi mini tun da wuri.

Ruwan da muka zo gani, Grey Mare's Tail, ya cancanci kallo, ba ƙarya. Daga tsayin mita 60 yake zubowa, fari fat, ƙararsa ta cika kwarin. Na ɗauki hoto, na ce masha Allah, na juya zan koma mota. Suka ce ai yanzu za a fara, tafkin da ruwan ke fitowa yana can sama.

Hanyar siririya ce, matakalar duwatsu, gefe guda kuma rami ne wanda in ka faɗa sai dai a yi wa gida waya. Kafin a je ko'ina numfashina ya koma na mai asma. Dabarar da na yi ita ce duk bayan 'yan taku in tsaya in ɗaga waya wai hoto nake ɗauka. Tsohuwar nan ta wuce ni tana hira, ko haki ba ta yi. Can sai ga awakin daji a gefen dutse, masu dogon gashi, suna kallona suna tuƙa. Aka ce ba su da mai su. Ƙaton bunsuru haka, ba mai shi, ba wanda ya taɓa yi masa maganar Sallah! Nan na san ƙasar nan sai a hankali.

Da ƙyar da jiɓin goshi muka kai tafkin, mai suna Loch Skeen, sama da mita 500 daga doron teku. Na duba gabas na duba yamma: ba mai shayi, ba rumfa, ko inuwar da mutum zai raɓa babu. Ruwa ne baƙi wuluk da tsaunuka. Sai yayyafi ya sauko, iska na watso shi a kaikaice cikin kunne. Mutanen nan suka zauna a kan jiƙaƙƙen dutse suna cin burodi mai sanyi da cuku, suna yabon yadda gari ya yi daɗi yau.

Jagoranmu ya nuna wani tsauni, White Coomb, ya ce mita 821 ne, can za mu ƙarasa. Na hango wani fili kore shar, sumul kamar dardumar masallaci, na ce bari in yanke ta nan. Taku ɗaya, ƙafata ta dama ta lume cikin laka har gwiwa. Na ja, ta ja. Na yi salati na fizgo da ƙarfi, ƙafa ta fito da safa, kambas ya zauna. Na zura hannu har gwiwar hannu cikin baƙar laka mai sanyin ƙanƙara ina lalube, ko igiyarsa ban taɓa ba. Tsohuwar ce ta zazzage ledar burodinta ta ba ni, ta haɗa da busasshiyar safa. Haka na sauko dutsen nan, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya leda, tumaki na darewa saboda ƙarar tafiyata.

A hanyar komawa aka bi da mu ta madatsun ruwan Megget da Talla, direba yana bayanin cewa daga nan ake tura wa Edinbura ruwan sha, Talla ma tun 1905. Wato ruwan tsaunukan nan da kansa yake biyo bututu ya same ni har kicin, ina zaune da takalmana biyu.

Da dare na kira gida na ba Inna labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wai famfon gidan naku ne ya lalace?"

Na ce, "A'a Inna, kallo muka je."

"Kallon ruwa?"

"E, Inna."

Sai na ji ta ɗaga murya tana kiran ƙanena: "Kai, zo ka ji yayanka. An tura shi karatu, ya koma bin awaki a kan dutse da leda a ƙafa."