Masu sanin wahalar ba sa cikin zauren

Tun 2018 wannan magana take cina, sai jiya ɗan yayata ya sake tono min ita.

A watan Agustan waccan shekarar aka yi Hajj Hackathon, wato gasar ƙirƙirar manhajoji, a nan Jidda. Kusan mutum 3,000 aka tara har kwana uku, kowane rukuni na neman dabarar da za ta rage wa alhaji wata wahala. Yawan jama'ar har sai da ya shiga kundin Guinness. 'Yan mata 'yan ƙasar Saudiyya ne suka zo na ɗaya da manhajarsu Turjuman, wadda ke fassara wa alhaji rubutun allunan hanya ko babu intanet. Riyal miliyan ɗaya aka ba su.

Wallahi na taya su murna. Amma jama'a, wa ya kai mu, Hausawan da ke zaune a nan, sanin ɓatan alhaji? Yaranmu na unguwannin Shari'a Mansur da Hindawiyya a Makka ne ke tura arabiya, wato keken guragu, matanmu ne ke tuƙa wa alhazai tuwo a Misfala, mu ake kira idan an tsinci tsoho yana kuka a Mina ya manta tantinsa. Mun san tsohuwar da ta taso daga ƙauyen Jigawa ba ta karanta boko ko da Hausa aka rubuta, don haka fassarar allo ba ta gabanta, murya take so ta ji. A 2023 kujera 95,000 aka ware wa Najeriya kaɗai, ban da Nijar. Wannan sani dukiya ce, amma idan ana irin wannan taro sai ka tarar masu shi suna waje suna jiran fasinja.

To, ɗan yayar tawa ya je wani ƙaramin taro na ƙarshen mako, irin wanda ake haɗa mai rubuta manhaja da mai zane da mai kan kasuwanci, a ce su fito da wani abu kafin daren Asabar. Su adashi suka ɗauka. Sun zana komai tsaf, sai wani daga cikin masu jagorantarsu ya tambaye su uwar adashi nawa suka zauna da ita. Shiru. Aka kora su waje su je su tambayo. Yaron ya kira gwaggonsa, wadda ta fi shekara ashirin tana riƙe adashin matan unguwa. Ta ce masa, "Kai yaro, lissafi ai littafina yana yi. Abin da ke hana ni barci shi ne wadda ta yi kwasa, washegari aka kama ta aka yi tarhil da ita, aka mayar da ita ƙasarsu. Wa zai cike zubinta?" Nan take manhajar tasu ta rushe, suka koma tunanin asusun lamuni.

Ba su ci komai ba. Ni kuwa a wurina wannan kiran wayar ya fi kyautar.

Kada a ce ina zuga ne kawai. Akwai rana ta huɗu, bayan an kwashe kujeru an gama hotuna. Mai igama, wato takardar zaman baƙo, ba ya wayar gari ya buɗe kamfani, kuma fakewa da sunan ɗan ƙasa, wato tasattur, laifi ne mai ɗauri da tara. Da yawa daga tallafin da ake shela, 'yan ƙasa ake nufi. Sai dai ƙofar ba a rufe take ruf ba: Ma'aikatar Zuba Jari tana da lasisi na masu sabuwar dabara, idan wata cibiyar renon kamfanoni da aka amince da ita ta tsaya maka. Irin waɗannan cibiyoyi kuwa, kamar Wadi Makkah ta Jami'ar Ummul Ƙura, a wurin taro ake haɗuwa da mutanensu, a taron Biban na Monsha'at, hukumar ƙananan kamfanoni, ko a taron fasaha na LEAP da aka fara a Riyad a 2022. Sannan a cikinmu akwai masu takardar ƙasa, sai dai ba mu iya haɗa hannu a rubuce ba.

Wani abin da ke ba ni haushi kuma, da an ce sana'ar taimakon al'umma sai mu ɗauka gidauniya ce, a fara yawo da ƙoƙon bara. A'a. Dole a san wa zai biya: kamfanin jigilar alhazai ne, ko ɗan da ke Kano yana son sanin inda mahaifiyarsa take? Abin da bai ci da kansa ba, Hajji ɗaya zai yi ya mutu.

Shawarata, bayan alhazai sun watse mu kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ta yini biyu. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta su zo, amma kowane tebur a zaunar da mai tura arabiya ɗaya da uwar adashi ɗaya, kuma su za su fara magana. Gahawa da shayi suna wuyana. Gwaggo ta ce za ta zo, in dai ba ranar kwasa ba ce.