Fitilar da ke kashe wa maƙwabci ido ba tsaro ba ce

Jama'a, yau a kan fitilun LED ɗin nan na ƙofar gida zan yi magana, waɗanda suka cika unguwannin Garwa tun daga Yelwa har Pumpumre. Ni ban ƙi su ba. Tsohuwar fitilar halojin mai wat 500, in ta kwana awa 12 a kunne, kilowat-awa 6 take sha, wato wat 500 sau awa 12. LED mai wat 50, wadda ta ishi ƙofar gida, kashi ɗaya cikin goma na wannan take ci. Duk mai biyan kuɗin wuta ya san bambancin. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saye da yadda muke kafawa.

Mutum zai shiga babbar kasuwa ya ce wa mai shago, "Alhaji, ba ni wadda ta fi ƙarfi." Sai a miƙo masa kwali an rubuta 300W da manyan baƙaƙe, ya biya yana murna. Alhali wat wutar da fitila ke ci ce, hasken da take bayarwa da lumen ake auna shi. LED ta kirki tana ba da wajen lumen 100 a kowane wat. In kwali bai faɗi lumen ba, ajiye shi.

A wajen masu sola ne ƙaryar ta fi yawa. Yi lissafi da kanka: fitilar da ke cin wat 300 na gaskiya, in za ta yi awa 10, tana bukatar wat-awa 3,000 a ajiye. Batirin da ke cikin irin waɗannan, a ce an rubuta masa 3.2V da 20Ah, in ka ninka lambobin biyu, wat-awa 64 kacal yake riƙewa. Wato wat shida da 'yan kai za ta iya ja har asuba. Shi ya sa take ƙyalli bayan magariba, kafin tsakar dare ta lanƙwashe, daidai lokacin da ake bukatarta. Ba cewa nake kada a sayi ta sola ba. Mu da wutarmu ta dogara da madatsar Lagdo, mun san abin da ke faruwa in ruwa ya ja baya a rani, ko da yake tashoshin sola na Gidar da Marwa sun rage raɗaɗin. Gida na bukatar aƙalla guda ɗaya mai batir. Amma a tambayi girman batir da na farantin sola, a fuskantar da farantin kudu, kuma a riƙa goge shi lokacin hunturu, don ƙurar hazo na toshe masa rana.

Sai zafi. A Maris da Afrilu muna haura digiri 40, kuma zafi ne ke kashe na'urar da ke daidaita wuta a cikin fitilar tun kafin ƙwayoyin hasken su gaji. Ɗauki fitilar a hannunka. In bayanta alminiyam ne mai nauyi mai haƙarƙari, za ta iya fitar da zafi. In roba ce shafal, bazara ɗaya ma da wuya. A duba kuma alamar kariya a kan kwali, IP65 ko IP66: lamba 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun kuma ta ruwa ce.

To, yanzu ga inda na fi jin haushi. An sayo fitila, an kafa ta a kan katanga tana kallon titi gaba-gaɗi, kamar filin wasa na Rumde Ajiya za a haska. Mai babur ya taho ba ya ganin rami. Tsoho ya fito sallar asuba yana kare fuska da hannu. Maƙwabcin da zafi ya koro shi da iyalinsa tsakar gida su kwana, haske na dukan shimfiɗarsu har gari ya waye, kuma kunya ta hana shi magana. Mu da aka yi mana wasiyya da haƙƙin maƙwabci! Abin mamaki, mai gidan ma bai tsira da komai ba. Haske mai kashe ido yana sa inuwar gefensa ta ƙara duhu, kuma gindin katangar da fitilar ke kai, nan ne wurin da ba a gani. Ɓarawo ya fi mai gida sanin haka.

A ɗaga ta mita 3 zuwa 4, a sunkuyar da kanta ƙasa, hasken ya sauka a kan ƙofa da gindin katanga. Ƙanana biyu masu wat 20 ko 30 a kusurwa biyu sun fi ƙatuwa ɗaya, domin kowace na cike inuwar 'yar uwarta. A bayan gida, mai kamawa in ta ji motsi ta fi, don kamawar tata ma faɗakarwa ce. Launi kuma, fari fat ɗin nan na 6500K shi ƙwari suka fi bi da damina, kwaɗi da kunamu su biyo ƙwarin. Mai ɗan ja-ja, 3000K, ta fi sauƙi ga ido, ƙwarin ma ba su cika taruwa a kanta ba.

Batun waya, don Allah a kira mai gyaran wuta na gaske, ba yaron da ya iya murɗa waya biyu ya naɗe da leda ba. Waya mai jijiya uku, mai kaurin 1.5mm², a haɗa jijiyar earth mai zubar da wuta ƙasa tunda jikin fitilar ƙarfe ne kuma yara na taɓa katanga da ruwan sama. Mahaɗar ta shiga akwatin da ruwa ba ya ratsawa, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga fitilar, ruwa ya ɗige a nan maimakon ya bi ta ciki.

Kuma kada a sallami mai aikin da rana. A jira duhu, a kunna, mai gida ya tsallaka ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa ya dubo gidansa. In sai da ya runtse ido, tsani na nan, a hau a ƙara sunkuyar da ita.