Kwana bakwai Kawu bai shiga banɗakin ɗakinsa da kansa ba

Waɗanda suka ga hotunan da ƙanwata ta saka makon jiya sun ga Kawu a kekensa na marasa lafiya a saman jirgin ruwan yawon buɗe ido, yana murmushi, teku a bayansa, aka yi ta yi masa fatan alheri. Tun da jirgin ya tashi daga birnin Basilona na ƙasar Sifen har ya dawo, kwana bakwai cur, bawan Allahn nan bai taɓa shiga banɗakin ɗakinsa da kansa ba. An sanar da kamfanin tun lokacin biyan kuɗi cewa yana fama da shanyewar ɓarin jiki, suka karɓi kuɗin cif, sai da aka isa aka ce ɗakunan masu buƙata ta musamman sun ƙare, aka ba shi irin na kowa. Ni a wurina sun ci amanarsa, domin wanda ya sayar maka da ɗakin da ba za ka iya kewayawa a cikinsa ba, bai ba ka masauki ba.

Ƙofar banɗakin ba ta kai faɗin keken ba. A ƙasanta kuma akwai dokin ƙofa da tsayinsa ya kai faɗin tafin hannu, saboda a yawancin jiragen nan banɗaki ƙerarre ne da ake kawowa a dasa a ɗaki, bututun ruwa na bi ta ƙarƙashinsa. Mai lafiya zai tsallake bai ma lura ba, amma ga wanda ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaguwa, wannan ɗan tudu katanga ne. Wurin wankan kuwa da ƙyar mutum ɗaya ke juyawa, babu kujerar zama, ga jirgi yana tangaɗi. Ɗansa ne yake cusa hannuwa a hammatarsa ya ɗaga shi, ya zaunar da shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kawar da kai. Alwala a bakin gado yake yi, da buta da roba, an shimfiɗa tawul a ƙasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, daga kwana na biyu Kawu ya rage shan ruwa da cin abinci don kada ya tashi yaron cikin dare. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda ya yi ɗawainiyar gida guda, ya koma yana jin nauyin neman a kai shi bayi.

Wasu sun ce mini jirgi ba otal ba ne, wuri ya yi kaɗan. Wannan magana ba ta shiga kunnena. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 yana ɗaukar fasinja sama da 7,000, akwai wuraren ninƙaya da gidajen abinci bila adadin a cikinsa. Masu ƙera irin wannan ba za su ce sun rasa santimita 81 na faɗin ƙofa ba, wanda shi ne ma'aunin da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta Amurka, ta 1990, ta sa a san shi a gine-gine. Sun san yadda ake yi, tunda a cikin jiragensu akwai ɗakunan da daɓen banɗakinsu yake shafe ɗaya da na ɗaki, keke ya shige har ƙarƙashin shawa, da kujerar da ake naɗewa a bango, da ƙarafan riƙewa, da igiyar neman agaji. Kaɗan ne kawai suke ginawa.

Kuma ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani fasinja mai suna Spector da kamfanin jiragen ruwa na Norwegian Cruise Line cewa dokar nan ta 1990 tana iya hawa kan jiragen da ke ɗauke da tutar wata ƙasa idan suna aiki a ruwan Amurka. A 2015 kamfanin jiragen ruwa na Carnival ya yi sulhu da Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar, ya amince kashi 3 cikin 100 na ɗakunan jiragensa 49 su dace da masu buƙata ta musamman. Uku cikin ɗari, a harkar da tsofaffi ke cikin manyan masu ba ta ciniki. Waɗannan 'yan ɗakunan ma wasu masu lafiya ke riga kamawa don sun fi faɗi, kuma duk mai yin haka ya sani wani dattijo ya hana kewayawa cikin sutura.

Masu cewa me ya kai tsoho mara lafiya yawon teku, ba zan tsaya musu da su ba. Likitansa ya ba shi izini, kuɗin halal aka biya masa, kuma Tarayyar Turai tana da dokar 2010 da ta hana a nuna wa fasinjan jirgin ruwa bambanci saboda lalurar jikinsa. Ƙanwata ta rubuta takardar koke, kuma na ce mata kada ta karɓi rangwamen wata tafiyar a madadin amsa.

Ranar da jirgin ya tsaya nesa da gaɓa, aka riƙa kwasar mutane a ƙananan kwale-kwale zuwa gari, an ce keke ba zai hau ba. Kawu ya wuni a ɗakin nan yana leƙen tsibirin ta taga, ɗansa kuma ya ƙi sauka, don babu wanda zai kai shi banɗaki idan ya tafi.