Makarantar yarjejeniya a Amurka ba ta kuɗi ba ce

Da yawa cikinmu idan suka ji an ce yaro yana makarantar cata a Amurka, wato makarantar yarjejeniya, sai su ɗauka irin makarantun 'yan kasuwa ce da ake biyan kuɗi kowane zango. Ba haka ba ne. Makarantar gwamnati ce, iyaye ba sa biyan ko sisi na karatu. Gwamnati ce ke biya daga kuɗin haraji, gwargwadon yawan ɗaliban da makarantar ta ɗauka.

Abin da ya bambanta ta shi ne masu riƙe da ita. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta ke sa hannu a yarjejeniya da hukuma, galibi ta shekara biyar. Ana sakar mata mara wajen tsara darussa da ɗaukar malamai, amma idan yara ba sa koyo, ko aka yi wasa da kuɗi, hukuma na iya rufe ta. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar kafa irin waɗannan makarantu a 1991, sannan makarantar City Academy ta buɗe a birnin St. Paul a 1992, don matasan da suka bar makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayen da suka yi ƙaura can, suna ƙin nema wa 'ya'yansu gurbi a ƙaramar sakandare ko babba don tsoron kuɗi. Fom kawai za a cike. Idan masu nema suka fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa, ɗan talaka da ɗan mai kuɗi duk a akwati ɗaya.