Karo-karon gudummawa: kowa ya ba da daidai ƙarfinsa

Assalamu alaikum. Tun watan jiya maganar nan take ci mini rai, yau dai sai na faɗe ta.

Muna da zaure a WhatsApp na 'yan ajinmu na sakandare, mu 24. Ɗaya daga cikinmu za ta aurar da 'yarta ta fari, aka ce mu yi karo-karo mu saya wa amarya firiza. Kafin wasu su ga saƙon ma, mutum uku sun shiga kasuwar Sabon Gari sun taya, sun dawo da farashi: naira 360,000. Aka raba gida 24, kowa 15,000. Ba wadda aka tambaya ko za ta iya.

A cikinmu akwai matar ɗan kasuwar Kantin Kwari, akwai ma'aikaciyar banki. Akwai kuma wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, awara take soyawa a ƙofar gida. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, ita ko wannan ba ta da tabbacinsa, ga kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ta yaya 15,000 ɗinta za ta zama ɗaya da ta Hajiya?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jerin sunaye. Kullum bayan isha'i sai a turo shi, a sa koren maki gaban wadda ta biya, sauran a bar su fayau. Ranar ta biyar saura sunaye uku. A daren mai awarar nan ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yara su ji, ta ce, "'Yar'uwa, ko za ki ara mini 10,000? Na haɗa biyar." Na tura mata, amma wallahi ban yi barci ba. Bashi ta ci don kada a ga sunanta ba maki. Bayan biki da kwana biyu ta fice daga zauren ba sallama.

Na san abin da za a ce: idan aka bar kowa da son ransa, masu hali ma za su noƙe, kuma kuɗin jama'a sai da lissafi a fili. Maganar lissafi gaskiya ce. To a ɗora mutum biyu amintattu su riƙe asusun, su sanar da jimillar abin da ya shigo, su nuna rasit. Nawa wance ta bayar, wannan tsakaninta da su ne da Allah. Mai halin da ta noƙe kuwa, a same ta a gefe a yi mata magana.

Sannan a fara tara kuɗin kafin a zaɓi kaya. Idan 200,000 aka samu, a sayi keken ɗinki ko risho mai gas da tukwane. Wace amarya ce ta taɓa ƙin kyauta don ba firiza ba ce? Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, wata ƙabila cikin sahabbansa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa yake da shi a mayafi ɗaya, sannan su raba daidai. Wajen rabo suka daidaita, wajen kawowa kowa abin da ya samu.

Bayan Salla akwai wani bikin a zaurenmu. Na riga na gaya wa shugabarmu cewa zan ba da nawa, har da ƙari in Allah ya hore, amma sai an daina turo jerin nan. Ranar Asabar kuma zan je gidan ƙawar tamu in roƙe ta ta dawo cikinmu.