Wani Ke Ɗebowa da Zafi, Bakin Wani Ke Ƙonewa: Lafiyar Muhalli da Adalci a Gombe

A daminar da ta wuce na je gaishe da wata goggona da ke zaune a ɗaya daga cikin unguwannin bakin kwari a garin Gombe, sai na tarar katangar bayan gidan ta rufta, salgar gidan ta buɗe baki tana fuskantar kwarin, ga shara jibge a ƙasa. Akwai ledojin ruwa, akwai robobin lemo masu tsada, akwai kunzugun jarirai na kanti da kwalayen kayan maƙulashe, waɗanda duk wanda ya gan su ya san ba daga wannan unguwa suka fito ba. Na ce mata, "Goggo, wannan shara haka?" Ta ce, "Ɗan nan, mu ina muka ga kuɗin sayen waɗannan abubuwa balle mu zubar? Ruwa ne ke kwaso mana su daga tudu, in ya wuce ya bar mana." A tsakar gidan kuwa akwai rijiya wadda tazararta da salgar ba ta kai taku goma ba, da ruwanta ake wanke-wanke da wankan yara, ranar da babu kuɗin ɗan garuwa kuma da shi ake ɗora tukunya.

Abin da masana ke kira lafiyar muhalli yana nan gaba ɗaya a cikin wannan tsakar gida. Shi ne kula da duk abin da ke kewaye da jikin ɗan Adam wanda zai iya kare lafiyarsa ko ya lalata ta, wato ruwan da yake sha, iskar da yake shaƙa, ƙasar da yaransa ke wasa a kai, abincin da yake saya a kasuwa, ɗakin da yake kwana, da inda bahaya da shara ke ƙarewa bayan sun bar gidansa. Likita yana jiran mara lafiya ya zo ya same shi a asibiti, shi kuwa ma'aikacin lafiyar muhalli aikinsa shi ne ya bi sawun cutar har zuwa rijiyar da ta fito. Dattawanmu sun san wannan ma'aikaci da sunan duba-gari, kuma har yau suna ba da labarin yadda yake shiga gida ya ɗaga murfin randa yana neman tsutsar sauro, ya leƙa makewayi, ya duba kwata, wanda aka kama da ƙazanta kuma a ci shi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum miliyan 13.7 ne suka mutu ta dalilan da ke da nasaba da muhalli, wato kusan kashi 24 cikin 100 na dukan mace-macen duniya, kuma hayaƙin girki a cikin gida kaɗai, irin na itace da gawayi da matanmu ke wuni a cikinsa, ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Mu a wannan yanki ba sai an kawo mana lissafi daga nesa ba. A 2021 annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma maƙwabciyarmu Bauchi ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Hanyar wannan cuta sananniya ce: ƙwayarta na fita ne a bahayar wanda ya kamu, ruwan sama ya wanke ta zuwa rijiya ko rafi, wani ya sha. Duk inda aka raba bahaya da ruwan sha, da wuya cutar ta sami ƙofar shiga.

Inda nake da ja shi ne yadda muka mayar da zancen lafiyar muhalli wa'azin tsabta kawai, wa'azin kuma kullum talaka ake yi wa. A rediyo ana ce masa ya wanke hannu, a asibiti ana yi wa matarsa faɗa idan ta kawo yaro yana gudawa, ranar tsabtar ƙarshen wata a tsare shi a hanya. Wanke hannu wajibi ne, ba na musun haka ko kaɗan. Amma na taɓa jin wata uwa, ɗanta na kwance ana yi masa ƙarin ruwa, tana amsa wa ma'aikaciyar jinya cikin sanyin murya cewa, "Wallahi Sista ina wanke musu hannu, sai dai da ruwan rijiyar nan nake wankewa." Wannan amsa ta fi ƙarfin wa'azi, domin matar ba ita ta zaɓi inda za a shimfiɗa bututun ruwan da ke zuwa gari daga madatsar Dadin Kowa ba, ba ita ta yanka filaye ƙanana har rijiya da masai suka zama maƙwabta ba, ba kuma ita ke tsara unguwannin da motar kwashe shara za ta riƙa bi ba. A nan ne maganar adalcin muhalli take shigowa.

Kalmar ta samo asali ne daga Amurka. A 1982 hukumomin jihar Karolina ta Arewa suka zaɓi gundumar Warren, wadda yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne marasa ƙarfi, domin binne ƙasar da ta gurɓata da wani sinadari mai guba, mutanen wurin suka kwanta a kan hanya suna tare motoci, aka kama fiye da 500 daga cikinsu. Ba su hana binne gubar ba, amma sun tayar da tambayar da har yau ake yi a ko'ina: me ya sa juji da masana'anta mai hayaƙi da ramin guba kullum suke sauka a unguwar wanda ba shi da baki? Najeriya ma ta ɗanɗana irin wannan a 1988, lokacin da aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya tilasta wa gwamnatin soja ta lokacin kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Ma'anar adalcin muhalli ke nan a taƙaice: kada amfanin wani aiki ya tafi gidan wasu alhali cutarsa ta tare a gidan wasu, kuma kada a yanke shawarar da ta shafi ruwan mutane da iskarsu ba tare da an zauna da su ba. Bahaushe na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a sha'anin muhalli sau da yawa wani ne ke ɗebowa, bakin wani ke ƙonewa.

Garin Gombe kansa misali ne da ake iya gani da ido. Garin yana zaune a gangare, ƙasarsa mai yashi ce mai saurin zaizayewa, ruwa kuma yana gangarowa ne daga tudun yamma ya ratsa tsakiyar gari ya nufi gabas. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gonaki da itatuwan da a da suke shanye ruwan sama a kan tudun suka koma rufin kwano da kwalta da tsakar gidaje masu daɓen siminti, saboda haka ruwan da a da yake nutsewa a inda ya sauka yanzu yana taruwa ya zubo da ƙarfi a lokaci guda. Mai gidan da ke tudu ya daɓe harabarsa, ya fitar da bututu ta ƙasan katanga, ya kwana lafiya, kuma bai yi haka da mugun nufi ba. Wanda ke gangare shi ne zai kwana a tsaye yana kwarfar ruwa, shi ne kwari zai ci ɗakinsa taku bayan taku, shi ne kuma ruwan kwata zai kwanta a ƙofar gidansa ya haifar da sauro. Haka abin yake a ruwan sha: mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse sau ɗaya ya huta, marar hali kuwa yana sayen jarka jarka daga kurar ɗan garuwa kowace safiya, ta yadda idan aka lissafa shi ne ke biyan kuɗi mafi yawa a kan ruwa mafi ƙarancin tsabta.

Za a ce ai su ma mazauna bakin kwarin suna da laifi, domin suna gini a kan hanyar ruwa, suna kuma juye shara a lambatu da zarar hadari ya haɗo. Wannan gaskiya ne, na gani da idona, kuma ɗabi'a ce da ya kamata a hana. Sai dai duk wanda zai yi hukunci ya fara tambaya ko akwai wanda zai ga fili mai kyau a cikin ƙarfin aljihunsa ya ƙi, ya je ya sayi na bakin rami, ya kuma tambaya ina aka tanadar wa unguwar da za ta kai shararta. Idan babu wurin tara shara, babu motar da ke zuwa, lungun ma mota ba ta iya shiga, to lambatu shi ya zama motar shara. Tarar duba-gari tana da ma'ana ne a kan wanda aka ba shi hanya ya ƙi bi.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Ayyukan daƙile zaizayar ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa a ƙarƙashin shirin NEWMAP, da kuma na ACReSAL da ya biyo baya wanda ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja, sun ɗaure wasu manyan kwaruruka a cikin garin, shirin dashen itatuwa na gwamnatin jiha mai suna 3G (Gombe Goes Green) da aka fara a 2019 shi ma ya dace da irin ciwon da ke damun ƙasarmu. Abin da adalci ke nema a nan shi ne a bayyana wa jama'a ma'aunin da ake bi wajen zaɓar kwarin da za a fara da shi, a biya wanda aka rushe wa gida diyyar da za ta saya masa wani wurin da ba bakin rami ba, a kuma tuna cewa magudanar kankare tana ƙara wa ruwa gudu, don haka mutanen da ke daidai inda kankaren ya ƙare suna buƙatar kariya fiye da da.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka, ko da yake yana cikin babin da ba a iya kai ƙara kotu kai tsaye a kansa. Dokar 1992 ta wajabta a auna tasirin duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma baje rahoton domin jama'a su duba su faɗi ra'ayinsu. A watan Yulin 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa zama a muhalli mai tsabta da lafiya haƙƙi ne na ɗan Adam. Kafin duk waɗannan, Musulmin wannan yanki sun taso da hadisin da ya hana cuta da cutarwa, da wanda ya yi kashedi a kan yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, wurare uku da dukansu na tarayya ne. Matsalar ita ce rahoton da aka rubuta da Turancin masana, aka ajiye a ofis a babban birni na wasu makonni, bai kai ga manomin da gonarsa ke bakin aikin ba, ko da an cika sharaɗin doka a takarda.

Wannan ne ya sa hankalina ya fi karkata ga abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. Ana haƙar kwal a Maiganga da ke Ƙaramar Hukumar Akko ana kai shi Ashaka domin sarrafa siminti, kuma a watan Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, a kan iyakar Gombe da Bauchi. Ina cikin masu fatan wannan arziki ya tabbata. Amma mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dutsen zinare mai haɗe da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400, aka kuma kai 2013 kafin a fara share gubar daga ƙauyen Bagega. Mun ga ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a ruwan shan wata al'umma ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, bayan an shafe shekaru da dama ana kwasar mai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, shi ne labarin waɗannan wurare biyu.

Tun ran gini ran zane. Kafin aikin Kolmani ya kankama, ya kamata gwamnatocin Gombe da Bauchi su sa masana masu zaman kansu, daga jami'o'in da muke da su a jihohin biyu, su auna ruwan kowace rijiya da rafi da ƙasar noma a ƙauyukan da ke kewaye da wurin a Akko da Alƙaleri, a rubuta sakamakon da Hausa da Fulatanci, a karanta shi a fadar dagaci a gaban manoma da makiyaya da mata masu ɗiban ruwa, a bar musu kwafi a hannunsu. Idan babu wannan awo na farko, ranar da ruwan wata rijiya ya canja launi ko shanu suka fara mutuwa a mashaya, mai ƙorafi ba zai sami abin da zai nuna wa alƙali cewa a da ba haka ruwan yake ba.