Ƙannena, Ɗaga Waya Ba Taimako Ba Ne

Assalamu alaikum, ƙannena samarin zangunan Accra.

Ranar da aka sheƙa ruwan nan har babbar kwatar Nima ta tumbatsa, wasu dattawa 'yan ƙungiyar masu rediyon sa-kai sun fito da oba-obarsu a naɗe cikin leda, ɗaya ya tsaya a bakin gada, ɗaya a ƙofar masallaci, suna sanar da juna hanyar da ruwa ya cinye da gidan da aka bar tsohuwa ita kaɗai. Ku kuwa kuna ƙarƙashin rumfa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, har da masu yi musu dariya wai zamani ya bar su a baya. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Ɗaukar bidiyon nan ta zame muku cuta. Gobara ta tashi a kasuwa, ku ɗaga waya; ɗan okada ya faɗi jini na zuba, ku ɗaga waya; mace na kuka ruwa ya tafi da kayan sana'arta, ku kusanto da wayar daidai fuskarta, ba mai tunanin kiran lambar gaggawa ta 112 balle ya cire riga ya shiga. Bayan haka sai a tura wa jama'a a WhatsApp tare da ƙarin gishiri, a ce mutum kaza sun mutu alhali babu wanda ya ƙirga, uwa ta ga hoton ɗanta kafin wani babba ya je ya zaunar da ita ya gaya mata. Wannan wace irin tarbiyya ce? Kuɗin datar ma na san wasunku daga cinikin kokon iyayensu mata suke karɓa, ragowar kuma ta tafi a cacar ƙwallo.

Mutanen da kuke rainawa suna da ladabin magana wanda ku ba ku da shi. Ba wanda ke magana ta rediyon nan sai da lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, kuma kowa yana da lambar kiransa, wadda a Ghana take farawa da 9G, don haka duk abin da mutum ya furta an san mai shi. Yakan saurara tukuna kafin ya danna maɓalli, ya faɗi abin da idonsa ya gani a taƙaice, ya saki layi domin wani. Dokar aikin ma ta hana a yi kasuwanci da shi, ba su samun ko pesuwa ɗaya. Batirin mota da eriyar da aka ɗaura a kan rufin kwano sun ishe su, ko da wuta ta ɗauke, ko layukan waya sun mutu.

Kada ku ce hakan ba ya faruwa. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun tsinke, aka shafe kwanaki ana fama a ƙasar nan, ku da kanku kun ga yadda wayoyinku suka koma ba su da amfanin kirki. Daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle da ke nan Accra sun ci rayuka sama da 150. A irin wannan dare, wanda zai iya isar da saƙo na gaskiya ga jami'an NADMO, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, ko 'yan kwana-kwana ya fi masu bidiyo dubu daraja. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ku je ku zauna kusa da dattawan nan, ku koya, ku rage zaman ataya. Yawancinsu furfura ta cika musu kai, kuma ban ga matashin da ke riƙe musu tsani in za su gyara eriya ba.

Da can a zango, in aka yi ihu da tsakar dare, samari ne ke fara fitowa da bokiti da shebur, sarkin samari ya raba aiki, kuma abin kunya ne a ce an gan ka a tsaye hannu rabbana. Iyayenmu ba su da ko wayar tarho a gida, amma kafin gari ya waye an kwashe ruwa daga ɗakin marayu, an san inda kowane tsoho ya kwana. Yau kowa da na'urar sadarwa a aljihu, maƙwabci kuwa sai ya kwana cikin ruwa ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.